Gwiwar Ɗantsoho Ta Taɓa Ƙasa

Na san Ɗantsoho a shekarar 2012, a wani shagon nama a Ard al-Liwa, wata unguwa ta Alƙahira. Na yi shekara uku ke nan da barin aikin akawu a wani ofishin jakadanci a Zamalek, kuma duk Asabar nakan je sayen nama. Ina ta kwatance da Larabci, sai mai riƙe da wuƙar ya ce, “Baba, faɗi da Hausa kawai. Bakinka na Zazzau ne.”

Mutumin Ƙauran Namoda ne, ɗan gidan mahauta, bahago. Ya yi dambe a samartakarsa, ya zauna a Sudan, ya auri Mahasin, Bahaushiyar Gadarif, suka gangaro Alƙahira. Tun mahautan Wusasa na zamanin da muke makarantar mishan, ban ƙara ganin mai raba tsoka da ƙashi da tsabta irin tasa ba. Wannan hannun na hagu shi ke ciyar da gidansa.

Wani Hamad, mai gidan motsa jiki a Ainu Shams, ya lura da tabon dambe da ke bayan hannun. Ya ce masa akwai sabon wasa da ake yi cikin keji, naushi da shuri da kokawa a haɗe, kuma ɗan dambe ba zai sha wuya ba. Iyakar bayanin da ya yi masa ke nan. Mahasin ba ta yarda ba. Ta tare ni a bakin shago, ta ce tunda yana jin maganata in hana shi. Na nemi in ga takardar yarjejeniyar da aka ba shi, ya ce ya riga ya dangwala, tana wurin Hamad.

“Baba Iliya, turmi uku ne fa,” in ji shi, yana dariya. “In an kayar da ni sai in kakkaɓe wando in dawo bakin aikina.”

Haka ya sani, kuma haka kowane Bahaushe ya sani. A dambe, da gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa, wasa ya ƙare. Ba a dukan wanda ya faɗi. Ni ma ban san akwai wasan da ba haka ba, shi ya sa ban matsa masa ba, kuma ina nadamar wannan.

An yi faɗan ranar wata Juma'a bayan la'asar, cikin Maris 2013, a garejin ƙasan wani bene. Na je. Babu likita, babu sikeli. Abokin karawarsa ya fi shi da kilo goma sha biyar a ƙiyasina. Alƙalin wasan surukin Hamad ne, kuma waya ce a hannunsa yana ɗaukar hoto.

A turmi na farko Ɗantsoho ya kai mutumin ƙasa da naushi ɗaya. Sai ya ja da baya, ya miƙa masa hannu ya tashe shi. 'Yan kallo suka fashe da dariya, suna “yalla, yalla”, wato a ci gaba. A nan ne nake tuhumar Hamad. Ya gani da idonsa cewa Ɗantsoho bai san dokar ba. Akwai hutun minti ɗaya, kuma jimla ɗaya ta isa. Ya miƙa masa ruwa, ya bubbuga kafaɗarsa, ya ce tamam, wato komai daidai.

A turmi na biyu aka kwashe ƙafar Ɗantsoho, gwiwarsa ta taɓa ƙasa. Ya sauke hannuwansa biyu, ya gyaɗa kai alamar ya yarda an ci shi, har da murmushi. Ɗayan ya hau kansa. Na ƙidaya duka goma sha ɗaya kafin alƙalin ya ajiye wayarsa. Ban ga laifin wanda ya yi dukan ba, abin da aka koya masa ya yi.

A tasi muka kai shi asibiti. Hamad bai bi mu ba, ya dai leƙo ta taga ya ce mu faɗa musu daga bene ya faɗo. Na faɗa wa likita gaskiya, ya kuma rubuta.

Idon hagu ya tafi, hannun hagu ya kama rawa. Daga baya na karɓo takardar na karanta ta layi-layi: shafi ɗaya da rabi na Turanci, duk a kan cewa masu shirya wasa ba su da alhakin komai. Ko kalma ɗaya babu game da abin da ke faruwa in mutum ya faɗi. Mahasin ta kai wa Hamad rahoton likita. Ya ce ma'alish, wato a yi haƙuri, wasan maza ne.

Mai shagon ya yi ƙoƙari, ya mayar da shi bakin aiki bayan wata biyu. A kwana na huɗu wuƙa ta zame ta yanke masa babban yatsa har ƙashi. Da kansa ya wanke wuƙar, ya miƙa wa mai shagon.

Cikin Janairun 2014 suka koma Gadarif, wurin dangin Mahasin. Na raka su tashar jirgin ƙasa. Ita ta riƙe fasfo ɗinsu, tana tafiya ta gefensa na hagu don kada ya yi karo da mutane.