Zobban da Malam Ya Bari a Jikin Mota

Shekara bakwai ke nan cikin watan nan da Allah ya karɓi ran maigidana. Mutanen tashar Kaura Namoda sun san shi da Direban Zurmi. Ni ban taɓa kama sunansa da bakina ba, ba kuwa a jarida zan fara ba. Malam nake ce masa. Ban yi boko ba, ɗiyata Hajara ke riƙe da alƙalami, amma maganar tawa ce, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini ita.

Ba labarin kirkinsa zan ba ku ba, waɗanda ya yi ta ɗauka a motarsa sun ishe shi shaida. Labarin wata gardama zan ba ku, wadda ya tafi ya bari a buɗe, sai bana aka rufe ta a gaban idona.

Motar Malam shuɗiya ce mai duhu, kamar rigar da ta daɗe a marina. Da ita ya ci da mu, yana jigila tsakanin Kaura, Zurmi da Shinkafi. Yana da doka guda a kanta: ba a zuba mata ruwa. A wancan lokaci rijiya ɗaya gare mu a unguwa, in bazara ta yi sai a zauna a jira ta tara. Cewa yake ruwan da mutum da akuya ke jira, shi ba zai kwarara wa ƙarfe ba. In ya dawo da ƙurar hanya, sai ya ɗauko wani tsohon rawaninsa ya bi jikin motar a bushe, hannunsa na zagayawa kamar mai dama fura a ƙwarya. Ran Juma'a da hantsi ya buɗe gwangwanin man sheƙi, wanda 'yan tasha ke kira falish, ya shafe ta tas, ya sake bi da rawanin.

A inuwa, kana iya gyara hularka a jikinta. Amma in rana ta take, ka tsaya gaban murfin inji, sai ka ga wasu siraran zobba sun kewaye hasken ranar, ɗaya cikin ɗaya, kamar saƙar gizo-gizo. Ka matsa, su bi ka. A kan zobban nan aka yi gardamar.

Abokin gardamar shi ne Malam Mudi mai fenti, amininsa tun suna samari. Mudi ya ce yashin da ke cikin ƙura ne rawanin ke ja yana kartar fentin kansa, man sheƙin ma rufe abin yake yi, ba don shi ba da ya fi haka muni. Malam ya ce ƙarya ne, sawun hannu ne kawai a cikin man, kamar yadda yatsa ke barin sawu a man shanu, fentinsa na ƙasa lafiya lau yake kamar ranar da aka fesa shi. Mudi ya sha roƙonsa ya bari ya wanke masa wuri ɗan kamar tafin hannu a gani. Malam sai ya yi dariya ya ce: "Wa ka miƙa ma mai fenti mota ya ce duba mani ko tana son fenti?"

Haka suka tsufa. A ɗaurin aure su yi, a zaman suna su yi, a ƙofar masallaci su ƙarasa. Ni kuwa bayan mijina nake. Ban san fenti ba, ban san falish ba, amma na san mutumin da ba ya fasa tafiya in ya ce da asuba, don haka maganarsa ta ishe ni. Bayan rasuwarsa ma, duk wanda ya taɓo zancen, amsata ɗaya ce: zobban a mai suke.

Da aka raba gado, motar ta faɗa rabon autana Sanusi. Yana can wajen karatu a lokacin, sai aka tura ta ƙarƙashin rumfa aka lulluɓe da tamfol. Nakan wuce ta in ina zuwa ba kaji hatsi, in yi tunanin me Malam zai ce da ya leƙo Kaura ta yau. Hanyar da yake bi da tsakar rana yana waƙe-waƙensa, yanzu sai direba ya tambayi na gabansa ko lafiya kafin ya kama ta. Wannan zai ɓata masa rai. Amma abin da zai tsayar da shi ya riƙe baki shi ne wuraren wankin mota da suka cika bakin titi, yara na riƙe da mesa suna feshe ƙarfe da ruwan burtsatse, ruwa na malala har kwata. Na san sai ya tsaya ya yi musu wa'azi, su kuwa su ce Baba kawo taka.

Bana Sanusi ya dawo gida da iyalinsa, ya ce zai tada motar ya koma hanyar ubansa. Aka gyara inji, aka sa sabbin tayoyi. Saura jiki. Wa zai kira in ba Baba Mudi ba? Ya zo da sandarsa, bayansa ya rankwafa, amma idon nan nasa na nan yadda na san shi. Daga zaure ya ɗaga murya ya ce ina amarya, don har yau haka yake kirana. Na ce amarya na nan, mai fenti ne dai ya koɗe.

Aka turo motar tsakar rana, aka yaye tamfol, aka kaɗe ta. Zobban na nan. Sanusi ya roƙi Baba Mudi ya yi gwajin nan da aka hana shi, don a san ko wanki kawai take so ko sai an sa mata injin goge fenti. Mudi ya dube ni, ya ce in ban yarda ba, ba zai taɓa ba. Na ce ya taɓa mana, yau zai ji kunya. Da ƙarfina na faɗa.

Ya sa aka kawo ruwa da garin sabulu, ya wanke gefe guda na murfin injin, ya bi da sifirit a farin ƙyalle, ya ce in dai mai ne, wannan ba ya barin ko ɗigonsa. Yana cikin gogawa wani tunani ya zo mini wanda bai taɓa zuwa ba duk shekarun nan. In Malam ne da gaskiya, to ƙyallen nan da ke hannun Mudi yana share sawun hannun mijina ke nan, ina tsaye ina kallo, da izinina. In kuwa sawun ya tsaya, Malam ya faɗi. Sai na rasa wanne zan roƙa. Na ja mayafi, idona na kan ƙyallen.

Wurin ya bushe. Muka matsa mu uku. Zobban ba su tafi ba, sai ma suka ƙara fitowa, farare, sun fi na gefen da ba a wanke ba. A fenti suke.

Na jira dariyar Mudi, na ma shirya abin da zan mayar masa. Bai yi ba. Ya aza tafinsa a kan ƙarfen, ya bi zoben a hankali yadda Malam ke yi, ya ce: "Shi nis so in gwada ma. Yanzu wa zan yi ma dariya?"

Daga baya ya yi wa Sanusi bayani, cewa akwai injin goge da ke ɗan cin saman fentin har ya daidaita, wuni guda motar ta koma kamar madubi, ba zobe ko ɗaya. Sanusi ya waiwayo ya ce Inna me kika gani. Na ce motarsa ce, shari'a ta ba shi, ni ba ni da ta cewa. Gaskiya na faɗa, amma Hajara, da ke jin mu daga ɗaki, ta ce muryata ba ta fita daidai ba. Yaron ya daɗe yana duban murfin, sannan ya ce wa Baba Mudi a mayar mata da man sheƙi kawai, fasinja ba zobe yake dubawa ba, kujera yake nema.

To, ga abin da ya sa na ce a rubuta wannan. Gardamar a bainar jama'a aka yi ta, bai kamata a rufe ta a tsakar gida ba. Malam Mudi, kai ke da gaskiya, na faɗa, kada ka ƙara tambayata. Malam ya yi kuskure a kan fenti. Amma ku sani kowane zobe a jikin motar nan bokitin ruwa ne da bai ɗebo daga rijiyar unguwa ba, wani ya sha, wata ta dafa tuwo. Ban san mutum nawa ne kuskurensu ke da irin wannan asali ba.

Rawanin ya daɗe da yagewa, 'yan tashar da suka san Malam sun fara ƙarewa, har muryarsa wani lokaci sai na yi ƙoƙari kafin in jiyo ta. Ranar kasuwar Shinkafi da ta wuce na fito ƙofar gida, Sanusi na fitar da motar, rana ta faɗa kan murfin, sai ga hannun Malam yana zagayawa. Na yi masa addu'a, Allah ya jiƙansa ya haskaka makwancinsa, na tsaya har suka sha kwana.