Sa Hannun Ilyasu Mai Agashe

A yankin Jazira aka haifi Ilyasu Nagoggo, a wani sansanin leburorin auduga inda iyayensa suka yada zango kan hanyarsu ta Makka, guzuri ya ƙare, auduga ta riƙe su. Karatun allo ya ɗan taɓa, amma gona ba ta bar shi ya yi nisa ba. Duk ranar biya akawu zai turo masa tawada, ya dangwala babban yatsa, ya karɓi abin da ya samu. Da ƙarfinsa ya kawo, ya ga auduga ba ta taɓa mai da leburanta attajiri ba, sai ya naɗe tabarmarsa ya nufi birnin Omdurman. Ya kama ɗaki a unguwar Alsawra, ya koyi gashin nama, daga baya ya kafa tukubarsa a kasuwar Suk al-Arabi, can tsallaken gada.

Agashen Ilyasu ba ya buƙatar talla. Da la'asar in ya barbaɗa yajin ƙuli ya jera nama a wuta, har direbobin da suka riga suka cika mota sai sun sauko. Mutum ne mai fara'a, hannunsa a sake. Aibinsa ɗaya, ba ya son a ga gazawarsa. Akwai ranar da ya shiga motar da ba tasa ba, ya gane tun kafin a yi nisa, amma ya zauna daram har ƙarshen hanya a unguwar Dar Salam, ya sauka yana gaya wa kowa wai dubiya ya zo.

Matarsa Hajara ta san halinsa ciki da bai. Ƙaninta Jibrin Ɗantsoho, mahauci, shi ke kawo masa nama, kuma tun ranar ɗaurin aure wasan ƙanin mata da mijin ya bai taɓa yankewa tsakaninsu ba.

Gara ce ta kai Ilyasu banki. A cikin wani kwali yake tara cinikinsa, ya cusa a ramin bango. Ranar da ya ciro, ya tarar gara ta yi walima da kusan rabi. Hajara ta dubi garin takardun ta ce, "Malam, tunda dai ciyarwa kake so, ai gara ka ciyar da mu. Ka kai sauran banki."

Washegari ya sa farar jallabiya, ya naɗa rawani kamar mai zuwa ɗaukar amarya, ya shiga banki. Wata ma'aikaciya ta yi masa tambayoyi ta rubuta, sannan ta turo masa kati ta ce, "Ya Haj, za ka sa hannu ne, ko in kawo tawada?"

Ilyasu ya buɗe baki zai ce tawada, sai ya waiwaya ya hangi wani mai shagon zinariya da ke sayen agashe a wurinsa, tsaye a bayansa. Nan take ya ce, "Tawada kuma? Miƙo biro."

Ya yi bismilla ya ɗora. Hannu ya hau, ya gangaro, ya yi zagaye, ya koma ya ratsa kansa, ya fito da wutsiya kamar ta kunama. Ya ƙara ɗigo a sama don ado. Ma'aikaciyar ta ce, "Masha Allah." Ilyasu ya fito yana jin ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Ba a jima ba aka ba shi littafin cek.

Jibrin ne ya fara cin karo da littafin. Ya zo karɓar kuɗin naman wata, sai Ilyasu ya goge hannu, ya zaro littafin a gaban jama'a, ya miƙa wa maƙwabcinsa Ishaku mai gyaran agogo ya cike masa.

Jibrin ya ce, "Yaya Ilyasu, ni fa nama na kawo maka, ba takarda ba."

"Kai dai ba ka waye ba. Ba kana da asusu a naka bankin ba? Kai musu."

Ya karɓi biro zai sa hannu. Ya tuna akwai zagaye, ya tuna akwai wutsiya, amma wanne ya riga wanne? Mutane na kallo. Ya dai ja wani abu, ya fito kamar ƙadangare a kwance.

Bayan 'yan kwanaki sai ga Jibrin da takarda a hannu, fuska ba walwala. Cek ya dawo, wai sa hannu bai yi daidai da na kati ba. Kuma bankinsa ya cire masa kuɗin wahala.

Ilyasu ya ce, "Sauri na yi ran nan. Kawo in sake maka."

Wannan karon ya zauna ya natsu, ya ƙara zagaye, ya ba wutsiya tsawo, ya zuba ɗigo kamar an watsa gero. Shi ma ya dawo. Aka sake cire wa Jibrin, shi ma Ilyasu nasa bankin ya yanke shi sau biyu.

To, a wancan zamanin in aka ce cek ɗin mutum ya dawo, kurkuku ne ke fara zuwa ran kowa, don an sha ganin 'yan kasuwa sun shiga, ba fita sai ranar da suka biya. Kafin Ilyasu ya tsallako gada labari ya riga shi isa Alsawra. Ya tarar da tsakar gidansa cike da mata 'yan jaje. Wata tsohuwa maƙwabciyarsu, Iya, har ta kawo buta da tsohon bargo, ta ce ɗanta ya taɓa zama can, sauro ne matsalar. Da suka ga ya shigo da ƙafarsa, wata ta rangaɗa guɗa, wai an ba da belinsa.

Ya ce, "Jama'a, kuɗina na nan a banki lafiya lau!"

Iya ta girgiza kai ta ce, "Haka ɗana ma ya ce."

Kuɗin nama dai Ilyasu ya biya daga cinikin yau da gobe, ba a yi dogon zance ba. Abin da ya rage shi ne wanda banki ya cire wa Jibrin. Bai kai kuɗin cinyar rago ba, amma a kansa aka kafa tuta.

Jibrin ya ce, "Hannunka ne ya yi ɓarna, kai za ka biya."

Ilyasu ya ce, "Bankinka ne ya cire maka, ni ban san su ba, ba su san ni ba. Ni ma an cire mini, wa na kama?"

"Kai ka jawo wa kanka. Ni me na yi?"

"Na farko ya dawo, wa ya ce ka karɓi na biyu? Wanda maciji ya sara ai ko tsumma ya gani gudu yake. Kai kuwa da gudu ka koma ramin."

"Kai ka ba ni!"

"In na ba ka wuta sai ka sa a aljihu?"

Ranar Juma'a bayan an sauko, maganar ta kai gindin darbejiyar ƙofar masallaci, inda dattawan unguwa ke shan shayi. Wani ya ce mai rubuta cek shi ke da laifi, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Wani ya ce a'a, banki ne ya kamata ya biya, tunda kuɗin mutum na hannunsu kuma sun san fuskarsa. Ishaku mai agogo ya ce shi dai nasa rubutun ba a ce da kuskure ba, kada a sa sunansa. Aka juya ga liman. Liman ya kurɓi shayi ya ce shi duk littattafan da ya karanta bai ga babin cek ba, amma sulhu alheri ne, a raba biyu. Ilyasu ya ce bai yarda ba. Jibrin ma ya ce bai yarda ba. Shi ne kaɗai abin da suka haɗu a kai ranar.

A gida Hajara ta ajiye wa mijinta abinci, ta zauna gefe ta ce, "Malam, in tambaye ka mana. Wai shi wannan sa hannun, ka san kamanninsa kuwa?"

Ya juya loma. Can ya ce, "Na san yana da wutsiya."

"To ka je ka gan shi. Ko ɗan mutum ne ya ɓata ai sai an san kamanninsa ake cigiya."

Haka suka ɗunguma banki shi da Jibrin, a mota ɗaya, kowa na kallon tagarsa. Ilyasu ya sami ma'aikaciyar nan, ya rage murya ya ce yana so ya ɗan gaisa da sa hannunsa. Ta ciro katin ta ajiye masa. Ya sunkuya ya daɗe yana kallo. Abin ya yi kyau, har da wani lanƙwasa da bai san ya yi ba.

Ya ce, "Ni na yi wannan?"

"Kai ka yi, ya Haj, a gabana."

Ya juya ga Jibrin ya ce, "Kai, zo ka ga aiki."

Jibrin ya leƙa ya ce, "Wallahi ya yi kyau. Saura ka maimaita."

Ta ba shi farar takarda. Ya gwada yana kallon katin, ya fito kamar igiyar da akuya ta tauna. Ya sake, ya fito kamar ƙugiya. Ya cika takardar gaba da baya, gumi na ɗiga daga ƙarƙashin rawani, layi ya yi tsawo a bayansa. Daga ƙarshe ya ajiye biro, ya duba hagu da dama ko akwai wanda ya san shi, ya ce a hankali, "'Yata, tawadar nan tana kusa?"

Ta kawo ba tare da ta yi ko murmushi ba, abin da Ilyasu bai taɓa mance mata ba. Ya dangwala. Ta karɓe littafin cek ɗin, ta ce daga yau in yana son kuɗinsa sai ya zo da kansa. Ya yi ƙarfin hali ya tambaya ko za a mayar musu da abin da aka cire, tunda ga shi an ga ba ƙarya ya yi ba. Ta ce, "Malesh, sai haƙuri ya Haj, ka'ida ce. Kuma akwai ɗan abin da ake cirewa na canjin kati." Jibrin ya yi dariya har sai da mai gadi ya leƙo.

A hanyar dawowa suka biya ta tukuba. Ilyasu ya hura wuta ya jera nama. Da na farko ya gasu, Jibrin ya miƙa hannu ya ɗauki tsinke biyu, ya tsoma a yaji ya ce, "Wannan daga cikin kuɗina."

Ilyasu ya ce, "Ban yarda kana bina ba."

"To kyauta ce ke nan. Na gode."

Washegari ma ya ɗauka. Haka jibi. Abin ya zame masa ka'ida, duk ranar da ya kawo nama sai ya ci daga cikin kuɗinsa. Ilyasu ya sha cewa abin da Jibrin ya ci ya isa sayen bankin da ma'aikatansa, Jibrin kuwa ya ce shi bai ga an rage komai ba, don ba a taɓa yarda da bashin ba balle a fara biya. Hajara ta ce kada wanda ya sake kawo mata ƙara.

Sun tsufa a haka. Da haƙoran Jibrin suka fara zubewa, sai Ilyasu ya riƙa zaɓar masa wuri mai laushi, ya yayyanka masa ƙanana a kan takarda, ya matsa lemun tsami, ya tura masa yana gunaguni. Jibrin ya ci ya suɗe yatsa, ya ce yaji ya yi kaɗan.