Tauren da Bature Ya Ƙi

A unguwar Sabo ta Ibadan aka haife ni, a nan aka haifi ubana, amma har gobe in na shiga tasi a Mokola direba "aboki" yake ce mini, kamar jiya na diro daga bayan motar albasa a Ojoo. Wannan bai dame ni ba. Na kawo zancen ne don wanda ya tashi ana ce masa baƙo, idonsa kan buɗe a kan sauran baƙi. Yana ganin mutum zai ce wannan da ƙoshi ya zo, wancan yunwa ce ta koro shi. Ni dai da wannan nake taƙama.

Karatuna a tsakiyar sakandare ya tsaya, shekarar da goron babanmu ya ruɓe a hanya. Waɗanda muka zauna benci ɗaya da su, wasu yanzu sai an yi maka iso kafin ka gan su, alhali ni nake nuna musu lissafi. Ni kuwa na ƙare a dillancin awaki da tumaki a karar Bodija, wato kasuwar dabbobi, sana'ar da dabba ba taka ba, kuɗi ba naka ba, bakinka kaɗai ne jarinka.

A gidana mai dabba ita ce matata. Ba ta fita, amma daga bayan madafi take juya abin da ya fi nawa: ƙosai da safe, kunun gyaɗa da yamma, ga kiwo. A shekarar da nake ba da labari ta ɗaure wani jan taure, wato bunsurun da aka dandaƙe tun yana ƙarami, irin dogayen nan na Arewa. Dusa, kowar wake, ɓawon doya, ragowar tuwo, babu abin da bai ci ba. Ni a gidan sai an tambaye ni ko na ƙoshi, shi kuwa ba a jira ya yi kuka. Ya yi ƙiba har bayansa ya baje kamar faifai.

Ranar da zan fita da shi ta tsaya a bakin zaure ta riƙe igiyar.

"Malam, tsaya ka ji. Bara ka fita da ragona ka dawo mini da labari."

"Ruwa aka yi, kasuwa ta faɗi. Ni na saukar da ruwan?"

"Ban ce kai ba ne. Amma wannan shi ne na ƙarshe. In ka sake dawo mini da labari, daga yau ƙanena zai riƙa fitar mini da dabba."

Ƙanen nan nata shi ma dillali ne a karar, irin na zamani, mai ɗaukar hoton rago a waya ya sayar yana kwance. Dillalin da dabbar gidansa ta koma hannun ƙanen matarsa, ai ya gama zama a rumfa. Wa zai ba ka amanar tasa alhali matarka ta karɓe tata? Sai na ce mata ta saki igiya ta sa ido.

A lokacin muna da farar fata iri biyu da ke sayen dabba a hannunmu, kuma babu ranar da ba a musu a kansu a rumfa. Na farko 'yan Armeniya. Ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba. Mutane Kwara suke ce musu don ta Labanan suka biyo, amma in kana son ganin fushin tsohonsu ka kira shi Balarabe. Ban taɓa ganin ɗayansu yana karɓar albashi a hannun wani ba. Kowa da wurinsa: wannan garejin gyaran manyan injinan wuta, wancan shagon zinariya. Tsohon mai garejin shi ne cinikina. Ya zauna Kano da daɗewa, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano, kuma ba ya taya dabba sau biyu.

Na biyu 'yan Nepal, gajeru, masu ƙananan idanu, da Yarabawa ke haɗa su da 'yan Caina. Su kuma ban taɓa ganin ɗayansu da shagon kansa ba, ban kuma taɓa ganin ɗayansu yana zaman banza ba. Duk ma'aikatan kamfani ne, wasu a na roba, wasu a na ƙarfe, suna kan inji dare da rana. In sun zo kara a garke suke zuwa, da silifas, su kewaye akuya ɗaya. Wannan ya ɗaga, wancan ya matsa, su koma gefe su yi ƙus-ƙus, kowa ya laluba aljihunsa. A rumfa an daɗe da yanke hukunci: 'yan Armeniya masu kuɗi, 'yan Nepal talakawan Turawa. Ni ma bakina na cikin masu faɗa.

To damina ta ja baya, lokacin wani babban bikin 'yan Nepal ya gabato, sai ga su. Babbansu, wani mai furfura a gefen kunne da suke girmamawa, yana hango tauren ya tsaya cak. Ya zo ya rungume shi ya ɗaga, ya shafa gadon bayan, ya leƙa tsakanin ƙafafun baya, ya faɗa wa 'yan uwansa wata kalma. Sai na ga duk sun washe baki. Da guntun Turancinsa da nawa muka yi magana, ya taya. Gaskiya tayin ba na raini ba ne, ya ɗara abin da kasuwa ke bayarwa a ranar.

Amma ni da abin da na taka. Kwana ɗaya kafin nan direban tsohon mai gareji ya shaida mini maigidansa ya fito daga asibiti, an yi masa aiki a ciki, yana neman dabbar sadaka mai kyau. Wanda ya ga kogi ai ba ya alwala a kwata. Na karɓe igiyata.

"Oga, wannan ba na masu karo-karo ba ne. Ku gangara layin can, akwai 'yan gajerun awaki daidai ku."

Mutumin bai yi fushi ba. Ya haɗa tafukansa biyu a ƙirji yadda suke gaisuwa, ya ja mutanensa suka wuce.

Washegari Lahadi na yi shatar keke mai ƙafa uku, na cusa taure, muka nufi gareji. Na tarar da tsohon a kujerar roba ƙarƙashin mangwaro, ya rame, wandonsa har ƙirji.

"A'a, dillali! Ashe kana raye?"

"Ni zan tambaye ka, Baba. An ce an farke ka an ɗinke."

"An farke, an ga babu komai sai taurin kai, an mayar. Me ka kawo mini?"

Na jawo taure na tsayar a gabansa, na fara kirari: ba a kara ya tashi ba, a ɗaki ya tashi, ruwan da muke sha shi yake sha. Tsohon ya dogara sanda ya sunkuya da ƙyar, ya leƙa inda ɗan Nepal ya leƙa. Sai ya fashe da dariya har yana riƙe ɗinkinsa.

"Kai dillali, za ka kashe ni! Abin da zan ba Allah ka kawo mini wanda aka rage?"

"Baba, ragin nan shi ne daɗin naman."

"Ni ba ci zan yi ba. Mu a al'adarmu, in mutum ya tsallake rijiya, namiji cikakke ake nema. A ba shi gishiri ya lasa, a yanka, a dafa da ruwa da gishiri kawai, a raba wa mabuƙata. Mai sadakar ko romo ba ya kurɓa. Kuma ka makara. Dubi can."

Na waiwaya. Jikin wani mataccen inji ga farin rago ɗaure, da ƙaho murɗaɗɗe. Na san ragon, na san igiyar. Ƙanen matata ne ya aiko da hoto a waya, aka gama magana ina can ina korar masu saye.

Tsohon ya ga yadda fuskata ta koma, ya sa aka kawo mini gahawa a ɗan kofi kamar murfin kwalba, ɗaci kamar maɗaci. Na ce masa dama na ƙi wasu ne don shi, don na san mutanensa masu kuɗi ne.

"Masu kuɗi," in ji shi. Ya nuna garejin da sanda. "Da nan ba ka jin maganar na kusa da kai saboda ƙarar aiki. Yanzu inji ya lalace sai a yar a sayo sabo mai araha. 'Ya'yana suna ƙasashen sanyi, ba mai son ya gaji baƙin mai. Ci da sha dai alhamdulillahi, yadda kuke cewa. Su wa ka ƙi?"

Na faɗa masa.

"Kai, amma an yi asarar dillali. Su wannan ragaggen shi ne naman bikinsu, suna ƙin mai wari. Gidansu na bayan kamfanin roba, ka bi ta kwalbati. Yi sauri kafin ƙanen matarka ya aika musu hoto."

Mai keke ya riga ya tafi. A ƙafa na ja taure cikin rana, yana turjewa ina zaginsa, matan Yarabawa masu gasa masara suna ta "Pele o, Baba eleran!" wato sannu Baba mai dabba.

Gidan nasu dogon gini ne mai ɗakuna a jere. Na leƙa ɗaya: gadajen ƙarfe wani kan wani, igiyar shanya, buhun shinkafa, tukunya ƙatuwa guda. Ko mu a Sabo da ake cewa mun cunkushe ba mu kai haka ba. Babban nasu ya fito da tawul a wuya, ya dube ni, ya dubi taure.

"Oga aboki, ka ɓata hanya? Nan gidan masu karo-karo ne."

Na ce ai taure ne ya kwana yana kuka, ya ce shi wurinsu yake so. Ya fassara wa sauran, aka kwashe da dariya. Ashe ba su sayi komai ba, duk abin da suka gani bayan nawa bai cika musu ido ba. Na zaci za su rama su karya farashi, don ni da haka zan yi. Sai ya ce tayin jiya yana nan. Sharaɗi ɗaya: ni zan yanka da hannuna irin yankanmu, don akwai Musulmi abokan aikinsu da za su ci, nasu yankan kuwa sara ɗaya ne a cire kai.

Ina wasa wuƙa wani ya matso yana nuna mini waya. Na ce ko shi ma dillali ne, ashe gida yake nuna mini, bene mai shuɗin kwano a gefen wani tsauni, an kusa gamawa. Wani ya nuna 'yarsa da kayan makarantar koyon jinya. Kowa da abin da yake aika wa kuɗi. Na tambayi babban me ya sa ba sa kama ɗaki mai kyau a nan. Ya ce mutum ba ya shafa wa tashar mota fenti.

Na yi bisimilla na yanka. A raina kuwa na riga na sayar da fatar, don jar fata irin wannan majema na rububinta, kuma a ƙa'ida ta mai yanka ce. Na juya in wanke hannu, ina waiwayowa na ga sun kwara masa tafasasshen ruwa suna kankare gashi, wani ya kunna wuta za a babbake.

"Kai! Kai! Fatar!"

"Fata ai nama ce," in ji babban. "Ita ce ma daɗin."

Na zauna a kan bulo ina kallon haƙƙina yana hayaƙi. Suka shafe shi da kurkum ya yi rawaya, suka daddatsa, suka shimfiɗa leda suka fara kasawa. Tsoka, ƙashi, hanta, kitse, kowane kashi sai an ɗiga masa. Sai na ga ashe watanda ce, irin wadda muke yi a Sabo gab da sallah, har da gardamar wane kashi ya fi wane. Da aka gama, babban ya ɗauki kashi ɗaya ya ƙulle a leda ya miƙo mini.

"Wannan ba naka ba ne. Na madam ne mai kiwo. Ka ce mata hannunta na da kyau."

Na iso gida la'asar sakaliya, na tarar da ƙanen matata a tsakar gida ya miƙe ƙafa, gabansa kwano. Dafaffen naman ragon tsohon ne, fari fat, an aiko a raba a unguwa.

"Yaya, sannu da yawo. An ce an gan ka kuna tattaki kai da taure. Wa ya ja wani?"

"Kai dai ci sadaka ka yi shiru, ita ta dace da kai."

Na miƙa wa matata cinikinta da ƙullin nama, na isar da saƙo. Ta ƙirga kuɗinta ta ƙulle a bakin zane. Ta kwance leda ta ɗaga wani yanki mai fata a jiki, ta jujjuya shi.

"Su suka ce hannuna na da kyau?"

"Su suka faɗa."

"Ka ga masu hankali. Shekara nawa ina kiwo a gidan nan, wa ya taɓa aiko mini da ko ƙashi?" Ta dubi ƙanenta. "Kai tashi ka ba yayanka tabarma." Sannan ta juyo gare ni. "Baɗi biyu zan ɗaure. Kai za ka kai, amma kai tsaye bayan kamfanin roba. Ban da ratse wurin shan gahawa."

Har yau in an tayar da musun a rumfa, wa ya fi wani tsakanin mutanen nan biyu, nakan ce ɗaya yana da gareji babu magaji, ɗaya yana da bene bai taɓa kwana a ciki ba, ku zaɓa. Mu da muka riga su zuwa garin nan tun kakanni kuwa, mu ne masu ja musu igiya. Ranar dai nama biyu muka ci a gidana. Na tsohon sai da aka yi masa barbaɗen yaji kafin ya shiga. Na 'yan Nepal kuwa, ba na son faɗa, amma fatar ce daɗin.