Gashin Bakin Idrisu

Ranar da aka tashi tsohon Zangon Lome aka mai da mutane bayan gari, Sabitu wanzami bencinsa da zabirarsa ya fara ɗorawa a mota, sannan tukwanen matarsa. Ya kafa rumfa kusa da masallaci, kafin sati ya zagayo majalisarsa ta dawo kamar ba a taɓa rushe komai ba.

Sabitu ba mai surutu ba ne, rediyonsa ke yi masa. Kullum akalarsa na Kaduna. A rumfar nan kana iya naɗa shugaban Nijeriya da safe ka tuɓe shi kafin azahar, Gana ma haka. Amma Togo, inda jam'iyya ɗaya ce kuma hoton mai ita na rataye a jikin kowane bango, ba a taɓa ta. Ba wanda ya kafa dokar. In wanda ake yi wa aski ya fara karkata can, sai Sabitu ya ɗora masa aska a ƙarƙashin hanci ya ce, "Riƙe leɓe." Shi ke nan.

Wata Juma'a da hantsi, ƙarshen shekarar saba'in da takwas, rumfa ta cika. Wata babbar jam'iyya a Nijeriya za ta fid da ɗan takarar shugaban ƙasa, gardama ta yi zafi.

"Na Kano ne zai ɗauka, ku rubuta ku ajiye," in ji Buraima mai goro.

Sulemana tela ya ce, "Kai da ko Kwatano ba ka taɓa wucewa ba, ina ka san Kano?"

"Kakana daga can ya zo!"

"Da ƙafa ya gudo. Ka taɓa tambayar abin da ya koro shi?"

Aka fashe da dariya, har da Garuba, wanda ke gefen benci yana jiran layi. Kowa ya san Garuba. Ba shi da sana'ar da ake gani, amma takalminsa kullum sabo ne, kuma abin da ya shiga kunnensa da safe yakan kwana a wani ofis cikin gari.

Wanda ke zaune gaban Sabitu kuwa Idrisu ne, ɗan ƙanwarsa Barakatu. Shekara tara yana aiki a Kaduna, satinsa biyu da dawowa, matarsa da tsohon ciki. Ya dawo da gashin baki mai kauri wanda yake shafawa in zai yi magana. Gyaran ƙeya kawai ya zo yi. Bai san Garuba ba.

"Ku kuna ta rabon tutar wasu," Idrisu ya ce, yana shafa gashin bakin. "To nan gida fa? In taron jam'iyyarmu ya zo, wa kuke gani? Ni dai akwai mutum ɗaya da nake ganin ya fi cancanta, wato..."

Sabitu ya ga Buraima ya sunkuya yana neman abin da bai yar ba. Ya san in suna ya fito, mutum biyu ne za su tafi: mai faɗa da mai sunan. Ya tuna Barakatu, wadda ta yi shekara tara tana jiran ɗan nan.

Ya dumbuzo kumfar sabulu ya shafe bakin Idrisu da ita.

"Riƙe leɓe."

"Kawu, ƙeya na ce..."

"Riƙe, na ce. Kwarkwata ce a ciki."

Ja biyu, rabin gashin baki ya sauka a kan zanen aski. Idrisu ya zabura, Sabitu ya danne masa kai da tafin hannu, ya bi sauran a hankali, a hankali, yadda bai taɓa jan aski ba. Sulemana ya gane, ya ɗaga murya: "Buraima, wai kakan naka ba bashin goro ya koro shi ba?" Gardama ta koma Kano.

Idrisu ya duba madubi, ya tashi ko sallama babu.

Da layi ya zo kan Garuba, ya zauna, ya bari har aska ta hau kansa, sannan ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Baba Sabitu, Allah ya saka. Tambaya ina iya cewa ban ji ba. Amma da ya kama suna, dole in kai. Ba ni kaɗai ke da kunne a rumfar nan ba, ni ma ana saurarona."

Sabitu ya ce, "Sunkuya."

Kwana goma Idrisu bai gaishe da kawunsa ba. Uwarsa ce ta zaunar da shi ta gaya masa ko wane ne Garuba, ta lissafa masa mutum uku da suka tafi amsa tambaya, ɗaya kaɗai ya dawo, shi ma ba ya ji da kunnen hagu. Ranar sunan 'yarsa, Idrisu da kansa ya je ya ɗauko zabirar Sabitu ya riƙo masa har gida, don ya yi wa jaririya askin suna.

Bai sake tara gashin baki ba. Shekaru sun ja, hannun Sabitu ya fara rawa, masu zuwa aski suka koma shagunan samari masu inji a unguwar Tokoin. Idrisu kam duk Juma'a yana kan bencin. Wani lokaci aska ta ɗan yanke shi, matarsa ta yi faɗa, ya ce ba komai.

Yakan zauna, ya gyara zane a wuya, ya ce, "Kawu, yau wa kake gani zai ɗauka?"

Tsohon ya yi murmushi, yana wasa aska a tafin hannu.

"Riƙe leɓe."