Ranar da Mama Ta Bar Tiren Jibi Ya Wuce

Ko tsufa ya kwashe mini tunani, akwai wata Lahadi da na san ba za ta fita daga raina ba. Shekaru sun tura, amma har yau ina tuna inda kowa ya zauna.

Lokacin muna Unguwar Rimi, maigidana yana aikin gwamnati, ni kuma ina ɗinki a gida. Majami'armu ƙarama ce, kowa ya san kowa. Uwar zumuntar matanmu mace ce mai kamun kai, ta girme ni da kusan shekara goma, Mama muke ce mata. Sau biyu ina zuwa sayen zare a Doka ina hango ta tana fitowa daga motar wani Alhaji. Ban tambaye ta ba. Wata ƙawata na raɗa wa, har da ƙarin gishiri. Kafin sati biyu maganar ta zagaye ikilisiya, ta kai kunnen mijin Mama, ya ce ta tafi gidan wanta a Rigachikun sai ya neme ta.

Ashe Alhajin maƙwabcinsu ne. Matarsa, Hajiya, ita ta zo gidan fasto da ƙafarta ta warware zancen. Mama ta ji kumburi a ƙirjinta, tana zuwa asibiti gwaji, ba ta so ta tayar wa mijinta hankali kafin sakamako ya fito. Hajiya ke raka ta, kuma duk ranar da na gan su Hajiyar tana zaune a kujerar baya. Ni dai ban duba ba, don abin da nake son gani na riga na gani.

Dattawan ikilisiya suka bi diddigi har maganar ta tsaya a bakina. Aka sa ni horo na wata shida: in zauna a bencin baya, ba zumunta, ba cin Jibin Ubangiji. Na je na durƙusa wa Mama bayan ta dawo ɗakinta, ta ce, "Na ji. Tashi ki tafi."

Sai da aka hana ni jibi na san nauyinsa. A da, Lahadin farko na wata in ta zo, ina karɓar ɗan gutsuren gurasa da ɗan ƙoƙon ruwan inabi ne hankalina yana kan tukunyar da na bari a gida. Yanzu ga ni a baya ina kallon an yaye farin ƙyallen tebur, fasto yana tuna mana cewa gurasar nan jikin Almasihu ce, ƙoƙon kuma jininsa, kowa ya binciki zuciyarsa kafin ya miƙa hannu. Dattijon da ke rabawa yakan iso layin da ke gabana, ya sunkuyar da kai ya juya. Wannan juyawar ta fi mini bulala zafi.

A wata na uku, ana cikin waƙar shirin jibi, sai na ga Mama ta tashi daga layin gaba. Ta rame ƙwarai, an riga an fara mata magani. Ta tako a hankali tana dafa benci, ta zo ta zauna kusa da ni. Dattijon ya biyo ta da tire har baya, ya miƙa mata. Ta girgiza kai.

"Mama, ki ɗauka mana," ya ce a hankali.

"Baba, wuce da shi. Yau ba zan ci ba."

Na kama gefen zaninta ina kuka. "Mama, don Allah kada ki rasa saboda ni. Ni ce mai laifi."

"Wata biyu ina ci da ɗacinki a maƙogwarona," ta ce, ba ta ko dube ni ba. "Bakina ya ce na ji, zuciyata ba ta sake ki ba. Ni ma nan ne wurina."

Bayan an tashi ta riƙe hannuna har ofishin fasto. Ta ce masa, "Fasto, kai kake koya mana gurasa ɗaya ce, mu ma jiki ɗaya ne. Ni aka yi wa laifi, kuma yau na yafe da gaske. Ban san wata nawa suka rage mini ba. Ina so in ci da ƙanwata kafin in tafi."

Fasto ya ce zai kai wa dattawa. Ba duka suka yarda nan take ba, na ji an ja maganar, amma a ƙarshe aka ɗage horon.

Lahadin farko na watan da ya biyo, na tsaya gaban jama'a na nemi gafara, har da ta mijin Mama. Da tire ya iso layinmu, Mama ta karɓa ta riƙe mini, na ɗauka, sannan na riƙe mata. Gutsuren bai kai kan yatsa ba, amma da ƙyar na haɗiye saboda kuka.

Allah ya ba ta shekara huɗu bayan nan, kuma ni da Hajiya muka riƙa karɓa-karɓa wajen raka ta asibiti. Ina gode wa Allah da ya sa ta a hanyata. Daga wurinta na koyi cewa teburin Ubangiji ba ladan masu kirki ba ne, wuri ne da waɗanda aka yafe wa suke zama tare. Tun daga lokacin, kafin in miƙa hannu, sai na tambayi kaina ko akwai wanda bakina ya tura bencin baya.