Wuyan Surukina

Har yau ban iya mantawa da safiyar da surukina ya shigo ƙaramin asibitinmu na Matamaye ba. Shekarar fari ce, zamanin soja, ni kuma sabon majo, wato shugaban masu jinya, mai duba marasa lafiya inda babu lokotoro, wato likita. Lokotoron namu kaftin ne na soja, daga Damagaram yake zuwa rangadi, wani lokaci sai a yi wata uku ba a ga ƙeyarsa ba.

Malam Idi manomin rake ne a fadamar Kurni, kuma watanni biyar ke nan da ya ba ni 'yarsa. Taba gari da kanwa ba ta rabuwa da kuncinsa. Ya zauna, rawani ya rufe masa wuya har haɓa, ya ce, "Majo, wani ɗan miki ne a bakina ya ƙi warkewa."

Ƙa'idar aiki a fili take: ka duba baki, ka sa yatsa ka ji taurin mikin, sannan ka lalubi wuya ko akwai kaluluwa. To, ku gaya mini, wa zai ce wa surukinsa ya kwance rawani? Ni da ko sunansa ba na iya faɗa! Na leƙa bakin daga nesa, idona rabi a ƙasa. A shekarar kowa bakinsa a fashe yake saboda yunwa, sai na shafa masa shuɗin magani, na raka shi har bakin ƙofa.

Sai bayan azumi ya dawo, ya yi sa'a kaftin yana nan. Shi kam ba ruwansa da surukuta. Ya zare rawanin da kansa, ya bi wuyan da yatsu, ya daɗe, sannan ya ce in zo.

"Wa ya duba mutumin nan da farko?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Takarda ya jawo ya yi zane. Ya ce a ƙarƙashin naman baki akwai wasu siraran hanyoyin ruwa, sun fi gashi siranta, duk suna gangarawa wuya. Ciwon daji yana bin su, kuma in sun yi yawa a gefen miki, tafiyarsa ta fi sauri. Yanzu na ji ku matasan ma'aikatan asibiti kuna ƙirga su a madubin likita don ku san inda ciwon ya dosa. Mu a lokacin yatsa ne kawai.

Yana magana, ni hankalina ya tafi. Ta taga ina kallon gari fari fat, rijiyoyi sun ƙafe, shanu na tafe kamar ba su taka ƙasa. Ina ta ganin ƙananan koramu suna gudana shiru cikin jikin tsohon nan, ba dare ba rana, duk watannin da nake durƙusawa ina gaishe shi. Wallahi tsoro ya kama ni.

Malam Idi ya leƙa zanen ya ce, "Ai lambu ne. In ruwa ya bar bakin rijiya ya shiga kwalbatai, ba ya komawa." Ya fahimta tun kafin a fassara masa bayanin kaftin da Hausa. Kaftin ya ce da a baya ne, da ana iya yanke ciwon a Yamai, yanzu sai dai a rage masa zafi.

Da kaftin ya fita, na durƙusa na ce, "Baba, laifina ne. Kunya ce ta hana ni."

Sai ya kamo hannuna na dama ya ɗora a wuyansa, ƙarƙashin muƙamuƙi. Abu uku na ji, masu tauri, ba su motsi.

"Danna sosai," in ji shi. "Kwana Allah ke yankewa. Amma ka san ciwon nan da kyau, don gobe uban wani zai zo."

Bai kai kaka ba ya rasu. Shekara talatin na yi bayan nan, na lalubi wuyan limamai da hakimai da gwaggonnina. Ku matasa, ku gaida babba yadda ya kamata, ku durƙusa in ta kama, sannan ku wanke hannu ku ce masa ya kwance rawani.