Shekarar da Kamfani Bai Raba Riba Ba

Shekarun baya, tun Turawa ba su naɗe kayansu ba, ina aikin tafinta a wani kamfanin sayen fata da gyaɗa. Aikin ya kai ni Ikko, ya kai ni Kumasi, har ƙasar Cadi na leƙa. Bakina yana juya harsuna da dama, amma ko da guda ban cika aika gaisuwa gida ba.

Mahaifiyata tana wani ƙauye a bayan duwatsun Dutse, daga ita sai awakinta tun rasuwar mahaifina. Ni ne ɗan fari, saboda haka ko sunana ba ta faɗa, balle ta tare fatake ta tambayi labarina.

Wani akawu abokina a Kumasi ne ya koya mini hannun jari. Ya ce mutum yakan sayi ɗan yanki na kamfani. Idan shekara ta zagayo an ci riba, sai shugabannin kamfanin su yanke abin da za a raba, kowa gwargwadon hannunsa. Na ce ashe dabino ne a gonar wani, kana kwance a kawo maka rabonka. Na saya, na sa a riƙa aika rabon Kano wurin kawuna mai kai dabino kasuwa, shi kuma ya kai mata. Har na riƙa yi wa abokai fahari cewa ina ciyar da gida ba tare da na ɗaga yatsa ba.

Aka yi shekaru ana haka. Sai gyaɗa ta faɗi, kamfani ya ce bana babu rabo. Na karanta sanarwar, na taɓe baki, na koma aikina. Shekarar da ta biyo baya ma shiru.

Ranar da na dawo gida, kawu yana zaune a ƙofar zaure. Ya daɗe yana kallona yana salati ƙasa-ƙasa.

"Kai ne ko mai kama da kai? Ai mun ci gumbarka tun bara. Rigarka ta saƙi ma ga ta a jikina."

Da saƙo ya yanke, ashe mahaifiyata ta ce wanda bai taɓa fashi ba, in ya yi shiru to ƙasa ce ta rufe shi. Ta sayar da akuya aka yi mini sadaka.

Na same ta tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba, ta ce, "An zo lafiya?" Ta ci gaba da tankaɗenta.

Da la'asar na zauna in yi mata bayani, ni gwanin fassara.

"Inna, kuɗin nan ba ya nuna ina raye ko na mutu. Kamfani ne yake aikowa da kansa. In an ci riba a raba, in ba a ci ba a yi shiru. Ko na mutu ma zai ci gaba da zuwa."

"Ko an mutu?"

"Ƙwarai kuwa."

"To na baya fa, wa yake aikowa?"

"Wani akawu ne can Ikko. Bai ma san ni ba."

Ta rufe garin da ke cikin ƙwarya. Sannan ta ce, "Ni kuwa duk sanda ya zo nakan ce, bana ma an tuna da mu."

Ta tashi ta tafi ɗaure awaki. Na yi zaton zan kwantar mata da hankali ne, ashe shekarun da take taƙama da su na karɓe mata.

Ta daɗe da rasuwa yanzu. Ni ma ga ni a unguwar Limawa, tsufa ya zaunar da ni, 'ya'ya sun watsu a duniya kamar yadda na yi. Duk ƙarshen wata wayata takan yi ƙara, kuɗi sun shigo daga babban ɗana, rana ɗaya, ba ya fashi. Na san banki yana iya yin haka ba tare da an taɓa komai ba. Ban taɓa tambayarsa ba, kuma ba zan tambaya ba.